Nazarin lamari: manhajar cibiyar amsa kira da ta ɗaure kanta da SIP

Asalin lamarin

Kamfanin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne, kuma sana'arsa rubuta manhaja ga cibiyoyin amsa kira, wato ofisoshin da ma'aikata ke zaune da na'urar kunne suna karɓar kiran abokan ciniki ko suna bin su da kira. Manhajar kamfanin ba ita ke ɗaukar murya ba. Wannan aikin Asterisk ne, manhajar musayar kira da Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999, wadda kowa ke iya saukewa ya ɗora a kan kwamfutarsa. Abin da kamfanin ya gina yana zaune ne a saman Asterisk, yana sauraron labarin da take bayarwa ta hanyar da ake kira AMI, a ƙofa mai lamba 5038, inda kowane motsi na kira ke fitowa a matsayin 'yan layukan rubutu. Da waɗannan layuka manhajar ke yin ayyuka uku: tana buɗe wa ma'aikaci bayanan mai kira a allo kafin ya ɗaga, tana rubuta rahoton kowane kira a rumbun bayanai, sannan tana bin jerin lambobi tana kira ɗaya bayan ɗaya, tana yanke shawarar wadda za a sake nema da lokacin da za a neme ta.

Kafin a bi abin da ya faru, sai an raba abu biyu da mai riƙe da waya yake ɗauka abu guda ne. Akwai murya, wadda a kiran intanet galibi ke tafiya cikin ƙananan ƙunshin bayanai bisa ƙa'idar RTP. Akwai kuma sigina, wato saƙonnin da na'urori ke aika wa juna domin ƙulla kira, sanar da cewa waya tana ƙara, tabbatar da an ɗaga, da kuma katsewa. Sigina ita ce sallama da neman iso da bankwana, murya kuwa ita ce zancen da ya kawo baƙo. Ƙa'idojin sigina suna da yawa, kuma ba gida ɗaya suka fito ba. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da H.323 a 1996. Ƙungiyar IETF ta fitar da SIP a 1999, ta sake rubuta ta a 2002 cikin daftari mai lamba RFC 3261. Layukan ISDN na kamfanonin waya suna magana da Q.931, masu Asterisk kuma suna da tasu mai suna IAX2, wadda ke haɗa sigina da murya a ƙofa ɗaya, 4569.

Asterisk da kanta an gina ta ne da sanin wannan bambanci. Kowace ƙa'ida tana da direbanta, wato sashen manhajar da ke jin harshenta, irin su chan_sip da chan_dahdi da chan_iax2, kuma zuciyar manhajar ba ta ganin saƙon SIP ko na Q.931, sai dai reshen kira da ake iya cewa ya kira, ya ɗaga ko ya katse. Ma'ana, shimfiɗar da ke ɓoye ƙa'idojin tana nan tun kafin kamfanin ya rubuta layi ɗaya.

Ginin farko, a kan siga ta 1.8

An fara ginin a kan Asterisk 1.8, wadda ta fito a Oktoban 2010. A lokacin duk abokan cinikin kamfanin SIP suke amfani da ita ciki da waje: wayoyin tebur na ma'aikata SIP ne, layin da ke fita zuwa kamfanin waya ma SIP ne. Asterisk tana raɗa wa kowane reshen kira suna mai fasali kamar SIP/101-0000001a, inda 101 ke nufin wayar ma'aikaci. Hanya mafi sauƙi ta gane wanda ke kan kira ita ce a yanke abin da ke tsakanin "SIP/" da karan tsakiya, kuma haka aka yi, a duk wurin da ake buƙatar sanin ma'aikaci.

Sauran abubuwa suka biyo wannan sawu. A rumbun bayanai an ware gurbi ɗaya na sakamakon kira, ana zuba masa lambar amsar SIP kai tsaye: 200 idan an ɗaga, 486 idan mutum yana kan wani kiran, 404 idan babu lambar. Domin sanin wayar da ke kunne, manhajar tana aika umarnin SIPpeers. Domin manna lambar abokin ciniki a jikin kira, ana amfani da SIPAddHeader. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar cewa manhajar za ta zama ta SIP kaɗai. Kowane mataki shi ne mafi kusa a ranar da aka ɗauke shi, kuma duk sun yi aiki.

Zuwan layin E1 da gwaji na farko

Matsalar ta fara bayyana ne da zuwan wani abokin ciniki da ke da layin E1 daga kamfanin waya. E1 yana ɗaukar megabit 2.048 a daƙiƙa, an raba shi gurbi 32, talatin na murya, ɗaya na daidaita lokaci, ɗaya kuma, gurbi na 16, na sigina. A Asterisk rassan wannan layi suna fara suna da "DAHDI/", kuma idan kira bai yi nasara ba, abin da ke dawowa lambar dalili ce daga jerin Q.850, ba amsar SIP ba. A wannan jeri 17 ita ce mutum yana kan wani kiran, 16 kuwa katsewa ce ta al'ada. Ranar farko rahotannin kiran waje suka fito da gurbin sakamako babu komai, sashen da ke sake neman lambobi kuma ya tsaya cak domin bai ga 486 ba, bai ga 404 ba.

Gyaran da aka yi shi ne wanda kowa zai fara kawowa: a duk inda aka duba "SIP/", aka ƙara sharaɗi na biyu mai duba "DAHDI/". Bayan wani lokaci wani abokin ciniki mai ofis biyu ya haɗa su da IAX2, aka ƙara sharaɗi na uku. Wannan ya riƙe aikin har zuwa lokacin da kamfanin ya koma Asterisk 13, wadda ta fito a Oktoban 2014. Tun daga siga ta 12, ta Disambar 2013, an sake fasalin labaran AMI gaba ɗaya, har labarin haɗa rassa biyu ya koma BridgeEnter da BridgeLeave. Da yake sharuɗɗan suna warwatse a sashen allo da na rahoto da na sake kira, sai ya zama dole a bi kowanne a gyara shi dabam, kuma waɗanda aka manta ba sa bayyana sai abokin ciniki ya kawo ƙorafi.

Gwaji na biyu: a mayar da komai harshen SIP

Bayan wannan wahala masu rubuta manhajar suka yarda cewa ana buƙatar wuri ɗaya da zai karɓi labaran kira ya miƙa wa sauran sassa cikin harshe guda. Tambayar ita ce wane harshe. Tun da rumbun bayanai cike yake da lambobin SIP, kuma sassan uku duk su suka sani, aka zaɓi SIP ta zama harshen gida. Aka rubuta sashe na tsakani da ke fassara komai zuwa gare ta: a saƙonnin Q.931, wadda layin E1 ke magana da ita, ALERTING ya zama 180, PROGRESS ya zama 183, CONNECT ya zama 200. Lambobin dalili kuma aka ɗauko musu teburin da ke cikin RFC 3398, daftarin 2002 da ya tsara fassara tsakanin siginar kamfanonin waya da SIP. A ido shawarar tana da ƙarfi, domin ba kamfanin ne ya ƙirƙiri teburin ba, kuma na'urori da yawa a duniya da shi suke aiki.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne teburin yana haɗe abubuwa da dama cikin lamba ɗaya. Dalili na 19 yana nufin waya ta yi ƙara ba a ɗaga ba. Dalili na 20 yana nufin mai lambar ba ya samuwa, kamar wayar salula da aka kashe ko ta fita daga inda sabis ke kaiwa. Dalili na 31 kuwa katsewa ce da ba a fayyace sababinta ba. Duka ukun teburin yana mayar da su 480, kuma idan aka fassara 480 baya, 18 take komawa, wadda ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Ga na'urar da aikinta haɗa hanyoyin sadarwa biyu wannan ba babbar asara ba ce, domin abin da take buƙata shi ne ta gaya wa ɗaya ɓangaren cewa kira bai shiga ba. Ga manhajar da ke yanke shawarar sake kira kuwa, bambancin shi ne jigon aikin. Wanda wayarsa ta yi ƙara bai ɗaga ba, ana iya sake nemansa bayan ɗan lokaci. Wanda wayarsa ke kashe, sake bugawa nan take ɓata layi ne kawai. Manhajar ta koma yi musu kuɗin goro.

Haɗewa ta biyu da teburin ke yi ta fi tsanani. Dalili na 34, babu layin da ke sarari, da na 38, hanyar sadarwa ta lalace, da na 41 da 42, matsala ta ɗan lokaci da cunkoso a na'urar musaya, duk 503 suke zama. A cibiyar da ke da E1 guda, idan kira talatin suna gudana, na talatin da ɗaya zai dawo da 34, kuma maganinsa shi ne manhajar ta sassauta saurin kira. Da yake 503 kawai take gani, sai ta ɗauka layin ne ya faɗi, ta aika gargaɗi ga masu kula, su kuma su kira kamfanin waya a kan layin da lafiyarsa ƙalau. Da gargaɗin ƙarya ya yawaita, masu kula suka daina kula shi, har ranar da layin ya faɗi da gaske gargaɗin ya zo babu wanda ya motsa.

Akwai kuma abubuwan da SIP ke da su waɗanda E1 ba shi da makamancinsu. Wayar SIP tana yin rajista da saƙon REGISTER, tana sabuntawa lokaci-lokaci. Layin E1 ba ya rajista, ko dai yana tsaye ko yana cikin ƙararrawa. Domin sauran sassa su gamsu, sashen tsakani ya riƙa ƙirƙirar rajistar bogi a madadin layin. Rubutun manhaja ya cika da irin wannan kwaikwayo, kuma duk sabon ma'aikaci sai ya ɓata lokaci yana neman saƙon SIP da bai taɓa wucewa ta waya ba.

Gwaji na uku: a rage komai zuwa abin da kowa ya yarda da shi

Buƙatar waya a cikin burauza ce ta kawo ƙarshen gwaji na biyu. Abokan ciniki sun so ma'aikatansu su riƙa amsa kira daga kwamfuta ba tare da wayar tebur ba. Fasahar WebRTC ta tsara yadda murya za ta fita daga burauza, amma da gangan ta bar zaɓin sigina a hannun mai rubuta manhaja. Kamfanin ya zaɓi SIP a kan WebSocket, hanyar da burauza ke musayar saƙonni da uwar garke, kamar yadda RFC 7118 na 2014 ya tsara, ta amfani da JsSIP, manhajar da ke magana da SIP a cikin burauza. Yanzu labarin kira ɗaya yana zuwa daga wuri biyu, daga Asterisk da kuma daga burauza, kuma ba koyaushe suke zuwa a jere ɗaya ba.

A nan aka juya zuwa ɗaya gefen gaba ɗaya. Aka rubuta sabuwar shimfiɗa mai umarni uku, kira da ɗagawa da katsewa, da yanayi uku, waya tana ƙara, an ɗaga, an gama. Duk abin da ba dukkan ƙa'idoji ke da shi ba aka bar shi waje. Shimfiɗar ta yi kyau a takarda, gajera ce, ana karanta ta a zama ɗaya.

Wurin farko da ta tsage shi ne sautin da ke zuwa kafin a ɗaga. A SIP 180 yana nufin wayar can tana ƙara, 183 kuwa sau da yawa yana zuwa da sauti daga hanyar sadarwa, kuma a cikin wannan sauti ne kamfanin waya ke sanar da cewa lambar a kashe take ko ba a samunta. Da shimfiɗar ta haɗe biyun a matsayin "tana ƙara", aka saita Asterisk ta riƙa kunna wa ma'aikaci nata ƙarar wayar a duk kira mai fita, domin abin da kunne ke ji ya dace da abin da allo ke nunawa. Sakamakon shi ne ma'aikaci yana zaune yana jin ƙara, alhali a bayanta murya tana ta faɗin cewa wayar a kashe take.

Wuri na biyu shi ne ma'anar "an ɗaga". Wasu abokan ciniki suna da akwatin da ake saka wa katunan SIM domin kiran wayoyin salula daga ofis, kuma gwargwadon saitinsa irin wannan akwati yana iya aika 200 da zarar ya fara buga lamba, tun kafin kowa ya taɓa waya. Tsofaffin layukan ƙarfe ma haka suke idan kamfanin waya ba ya aiko alamar ɗagawa. A rahoton waɗannan cibiyoyi kusan kowane kira ya zama wanda aka ɗaga, kuma masu cibiyoyin da rahoton suke auna ƙoƙarin ma'aikatansu.

Na uku shi ne miƙa kira. Idan ma'aikaci ya jingine mai kira, ya tuntuɓi shugabansa, sannan ya haɗa su, a SIP ana yin haka da saƙon REFER ɗauke da Replaces, inda kira biyu ke narkewa su zama ɗaya. Shimfiɗar ba ta san da wannan ba, don haka rahoto ya nuna gajerun kira biyu marasa alaƙa. Danna lambobi a tsakiyar kira ma ya shigo: ana iya aika su cikin RTP bisa RFC 4733, ko da saƙon INFO, ko a matsayin sauti zalla, wanda ba ya tsira da kyau idan an matse murya da tsarin G.729 domin rage girmanta.

Kowace ɓaraka ta samu toshiya iri ɗaya. Aka buɗe wata ƙofar baya da ke ba kowane sashe damar ganin ɗanyen labarin AMI idan ya matsu, kuma ba a daɗe ba duk sassan suka matsu. "SIP/" ya dawo cikin sashen rahoto kamar bai taɓa fita ba.

Sabon tsari, bayan Oktoban 2019

A Asterisk 17, ta Oktoban 2019, aka ayyana chan_sip a matsayin direban da za a yi watsi da shi, aka nuna wa kowa chan_pjsip, wanda ke nan tun siga ta 12. Abin lura shi ne ƙa'idar ba ta canza ba, SIP ce dai a kan waya. Direba kawai ya canza, amma sunayen rassa za su koma fara wa da "PJSIP/", umarnin SIPpeers ba zai yi aiki ba, SIPAddHeader ma haka. A nan kamfanin ya gane cewa ba da SIP kaɗai ya ɗaure kansa ba, har da yadda direba ɗaya ke bayyana ta.

Wannan karon ba a fara da duba ƙa'idoji ba. An fara da tambayar sassan uku abin da kowanne ke buƙatar sani domin ya yi aikinsa, aka rubuta amsoshin, sannan aka gina shimfiɗar a kansu. Ƙarƙashinta aka ajiye tafintoci, wato ƙananan sassan da ke fassara labari zuwa harshen shimfiɗar, ɗaya ga kowane direba, ɗaya ga burauza, kuma su kaɗai aka yarda su ga ɗanyen labari.

Abu na farko da amsoshin suka nuna shi ne hira dabam, reshe dabam. Hira ita ce abin da abokin ciniki ya sani, daga lokacin da ya kira zuwa lokacin da ya ajiye waya, ko da ta hannun mutum uku ya wuce. Rassa kuwa suna shiga suna fita. Aka ba hira lambar shaida ta kamfanin, aka riƙa gane rassa da Uniqueid da Linkedid da Asterisk ke bayarwa maimakon suna, aka kuma ajiye tebur da ke cewa wannan na'ura ta wannan ma'aikaci ce. Miƙa kira ya zama fitar reshe ɗaya da shigar wani cikin hira guda.

Yanayin reshe ya tashi daga uku zuwa shida: ana nema, ana jin sauti kafin ɗagawa, tana ƙara, an ɗaga, an jingine, an katse. "An ɗaga" kuma ya samu alama a gefensa da ke cewa tabbatacce ne ko zato ne, kuma tafinta ne ke saka ta gwargwadon abin da aka sani game da layin. Rahoto ya daina ƙirga zato cikin tabbas, yana nuna shi a gurbinsa.

Sakamakon kira shi ne ya fi cin lokaci. Maimakon gurbi ɗaya aka yi uku. Na farko hukunci ne da harshen aikin cibiyar: a sake nema nan kusa, a jinkirta, kada a sake nema, ko matsalar daga layinmu take. Na biyu lambar Q.850, wadda Asterisk ke ajiyewa ga kowane irin reshe a HANGUPCAUSE. Na uku ɗanyen abin da ya zo daga waya, amsar SIP idan akwai, tare da layin Reason da RFC 3326 ya tsara, wanda wasu kamfanonin waya ke saka ainihin lambar Q.850 a ciki. Sassan sama gurbin farko kaɗai suke yanke shawara da shi. Sauran biyun na mai bincike ne, kuma da su ake gyara teburin hukunci idan aka gano ya yi kuskure, ba tare da an rasa tarihin kiran baya ba.

Bambancin iyawa ma ba a ɓoye shi ba. Kowane tafinta yana bayyana abin da layinsa ke iya yi: ko yana miƙa kira, ko ɗagawarsa abar dogaro ce, ta wace hanya yake aika lambobin da aka danna, kira nawa yake ɗauka a lokaci guda. Allo yana tambaya kafin ya nuna maɓalli, sashen sake kira yana tambaya kafin ya ƙara sauri. Lambobin waya kuma ana daidaita su a bakin tafinta zuwa tsarin E.164, wato fasalin rubuta lambar waya na duniya, ta yadda lambar da ta zo da sifili a farko da wadda ta zo da +234 za su zama ta mutum ɗaya, sannan tafinta ya mayar da ita fasalin da layinsa ke so a lokacin fita. Cinikin nau'in murya da bayanan SDP, waɗanda na'urori ke yin wannan ciniki da su, an bar wa Asterisk da burauza, shimfiɗar ba ta taɓa su.

Matakai biyu suka hana tsarin komawa gidan jiya. An naɗi labaran AMI na ainihin kira iri-iri, aka cire lambobin mutane, ana sake kunna su ga kowane tafinta a duk lokacin da aka taɓa rubutunsa, ana kuma amfani da SIPp, manhajar gwajin saƙonnin SIP, wajen kwaikwayon amsoshin da ba kasafai ake samu ba. Sannan aka saka bincike na atomatik da ke ƙin karɓar duk sabon rubutu idan ya ga "SIP/" ko "DAHDI/" a wajen babban fayil ɗin tafintoci. Ƙofar baya an rufe ta.

Ƙaura zuwa sabon direba

An yi ƙaurar a kan Asterisk 18, ta Oktoban 2020, cibiya bayan cibiya. A lokacin sauyi direbobin biyu suna aiki tare, ɗaya a ƙofa 5060, ɗaya a wata ƙofa dabam, ana kwashe wayoyi kaɗan-kaɗan. Aikin tafinta da saiti bai zo da sauƙi ba. Abin da tsohon direba ke rubutawa a sashe ɗaya na sip.conf, sabon ya raba shi zuwa endpoint da aor da auth da identify. Manna bayani a kan saƙo ya koma hannun PJSIP_HEADER, kuma dole a kira shi a kan reshe mai fita kafin a buga, in ba haka ba bayanin ya tsaya a reshen da ya shigo, babu kuskuren da zai bayyana. Amma duk wannan ya tsaya a ƙasa. Ba a taɓa sashen rahoto da na sake kira ba.

Wuri ɗaya ne sabuwar shimfiɗar ta gaza. Sabon direba yana barin asusu ɗaya ya yi rajista daga na'urori da yawa a lokaci guda, don haka ma'aikaci zai iya samun wayar tebur da burauza a kan lamba ɗaya. Teburin kamfanin ya ɗauka kowane asusu na'ura ɗaya ce, domin haka tsohon direba yake, kuma babu wanda ya lura cewa wannan zato daga can aka gado shi. Ma'aikacin da ya rufe burauza sai allo ya nuna ba ya nan, alhali wayarsa ta tebur tana kunne. Gyaran ya shafi shimfiɗar kanta da sashen allo, kuma a ɓangaren Asterisk sai da aka koma amfani da PJSIP_DIAL_CONTACTS domin duk na'urorin su yi ƙara tare. Da Asterisk 21 ta fito a Oktoban 2023 ba tare da chan_sip ba, babu cibiyar da ta rage a kansa, aka goge tsohon tafinta.

Abin da lamarin ya nuna

Gwaji na biyu da na uku sun bambanta a fuska, amma kuskurensu ɗaya ne a ganina: dukansu sun fara daga ƙa'idoji, ɗaya ya ɗauki guda ya naɗa ta sarauniya, ɗaya ya ɗauki ɗan abin da suka haɗu a kai. Babu wanda ya tambayi abin da sashen sake kira ke buƙata, kuma amsarsa, bambancin 19 da 20 da na 34 da 38, ba ta cikin harshen SIP, ba ta kuma cikin yanayi uku. Tsari na huɗu ya yi aiki domin kalmominsa na cibiyar amsa kira ne, kuma domin bai yi da'awar cewa layuka duk ɗaya suke ba; inda suka bambanta ya faɗa, inda fassara ke zubar da bayani ya ajiye asali a gefe. Ba na jin zai daɗe ba tare da binciken atomatik ɗin nan ba, domin matsin da ya buɗe ƙofar baya a gwaji na uku bai tafi ko'ina ba.

Akwai kuɗin da aka biya. Sabon abu da ya shafi direba ɗaya yanzu sai ya bi ta tafinta da shimfiɗa kafin ya isa allo, abin da a da gyaran wuri ɗaya ne. Akwai kuma abin da shimfiɗar ba ta magance ba. Ɗagawar zato tana nan a matsayin zato, an dai daina ƙirga ta da ƙarya. Kiran da ke yankewa bayan kimanin daƙiƙa 32, wanda ke faruwa idan saƙon ACK, mai tabbatar da cewa amsar ɗagawa ta iso, ya ɓata a hanya saboda fassarar adireshi a na'urar intanet ta ofis, har yanzu sai wanda ya san SIP ya buɗe ɗanyun saƙonni ya gano shi, gurbi na uku kawai yana nuna masa inda zai fara.

Tambaya ɗaya kuma ba a gwada ta ba. Dukkan tafintocin ɓangaren uwar garke daga AMI suke sha, kuma rabuwar hira da reshe ta jingina da Linkedid, wanda na Asterisk ne. Wani abokin ciniki ya taɓa tambaya ko manhajar za ta hau kan FreeSWITCH, wata manhajar musayar kira mai tata hanyar ba da labari a ƙofa 8021. Kamfanin ya amsa cewa sabon tafinta kawai ake buƙata, amma irin amsar da ya bayar ke nan game da asusu da na'ura kafin ƙaura, kuma har yanzu ba a rubuta wannan tafinta ba.